Daga bas na katako zuwa na lantarki: inda hannu ke tuntuɓe

Dabul-bas, wato ƙaton gogen nan na Turawa da ake kaɗawa a tsaye, yana da ƙane na lantarki wanda ba shi da tumbin katako. Saitin tsirkiyoyinsu huɗu ɗaya ne, wato sautukan E, A, D, G, tsawon tsirkiyar ma a yawancinsu inci 41 zuwa 42 ne. Shi ya sa makaɗi ke ɗauka duk kanwar ja ce, sai ya hau dandali kayan kiɗan ya ƙi shi.

Babbar matsalar tana hannun dama. A na katako dole ka ja tsirkiya da gefen yatsa, har ka ɗora nauyin damtse, don tumbin ne ke tura iska. A na lantarki kuwa na'urar piezo, ƙaramar na'ura da ke jikin jaki (katakon da tsirkiyoyi ke hawa), ita ke ɗaukar girgiza ta mai da ita siginar lantarki, tsirkiyoyin kuma galibi sun fi kwantawa kusa da allon yatsu. Ka ja da ƙarfin da ka saba, sai tsirkiya ta mari allo, lasifika ta yi ta fitar da ƙas-ƙas. Ƙara murya a amfilifaya, ka sassauta hannu har sai marin ya ɓace.

Sai abin da na fi ganin ana sakaci da shi, wato kashe sauti. Katako yana shanye sauti da wuri, shi ke ba kiɗan jaz wannan dum-dum mai kama da ganga. Na lantarki ba ya shanyewa. Ka bugi A ka wuce D, A na nan tana gunji a ƙasa, kiɗan ya dagule. Ɗaga yatsan hagu kaɗan ba tare da ka rabu da tsirkiya ba, ko ka kwantar da yatsun dama a kan wadda ka bari. Wasu kan cusa soso a gaban jaki, ba laifi ba ne. Makaɗan salsa ma sun riƙe Ampeg Baby Bass, wani bas na lantarki na farkon shekarun 1960, ne saboda gajeren sautinsa.

Hannun hagu kuma hanya yake ɓata. A yawancin na katako, da babban yatsa ya taɓa gindin wuya, ka san manuniya na kan D a tsirkiyar G. Samfurin lantarki na kamfanin NS Design ba shi da kafaɗa, sai ɗigo-ɗigo a allo, shi kuwa Silent Bass na Yamaha an yi masa firam da ke kwaikwayon jikin na katako. Kada ka kafa wa ɗigon ido, kunne za ka horar. Daidaita tsayin sandar da bas ɗin ke tsaye a kai yadda gurbin sautin farko a allo zai faɗo daidai inda yake a na katakonka, ka manna salatef a wurin don gobe.

Idan sautin ya fito siriri kamar na gwangwani, kada ka zargi yatsunka. Piezo marar batir na son mashigar amfilifaya mai megohm 1 ko fiye (ma'aunin turjiyar lantarki ne), sai a sa firiyam, wato ƙaramar na'urar ƙarfafa sigina, tsakanin bas da amfilifaya.

Komawa kan na katako ta fi wuya. Wata biyu a kan na lantarki kaɗai ya isa kantar yatsu ta baje, hannu ya yi laushi. Ware ko da minti 20 kullum ka kaɗa na katako ba amfilifaya, ka sa wani ya tsaya a ƙarshen ɗaki ya gaya maka ko E ɗinka na isa wurinsa.