Yadda ake fitar da roba mai ruɓewa daga man tsirrai

Duk wanda zai shiga wannan aiki na ciyar da bakteriya man tsirrai don ta tara roba a cikinta, abin da nake fara gaya masa shi ne ya koyi lokacin da zai hana bakteriyarsa naitirojin. Bakteriya ba ta tara roba don ta ji daɗi. Tana tarawa ne idan ta ga mai ya wadata amma abin gina sabon jiki, irin su naitirojin, ya yanke, sai ta riƙa dunƙule rarar a cikinta kamar yadda raƙumi ke ajiye kitse a tozo. Wannan ajiyar ita ce robar mai ruɓewa da ake kira PHA, kuma tun 1926 Maurice Lemoigne ya gano nau'inta na farko, PHB, a Cibiyar Pasteur ta Faransa.

Ka fara da bakteriyar da ake kira Cupriavidus necator, irin H16. A tsofaffin takardu za ka ga sunanta Ralstonia eutropha, duk ita ce. Tana cin mai da kanta, tana iya cika kusan kashi 80 cikin 100 na busasshen nauyinta da roba. Matsalarta ɗaya: PHB zalla take yi, ita kuwa PHB tauri gare ta da saurin karyewa, tana narkewa a wajen digiri 175, dab da zafin da take fara lalacewa. Masu injin ƙera kaya ba sa son irin wannan.

Shi ya sa ake gyara mata ƙwayoyin gado. Guda uku ke tafiyar da aikin, phaA da phaB da phaC, na ƙarshen shi ne mai ɗinke sarƙar robar. Sai a cire phaC nata na asali a dasa na wata bakteriya mai suna Aeromonas caviae, wanda ke karɓar tubalin sarƙar mai carbon shida ban da mai huɗu da aka saba. A ƙara phaJ, wanda ke janyo waɗannan tubalan daga hanyar da bakteriyar ke bi tana sassare mai. Abin da zai fito shi ne PHBH, nau'in PHA mai haɗa tubalan biyu, mai laushi da lanƙwasuwa. Shawarata, ka dasa gyaran cikin kundin gadon bakteriyar kansa, kada ka bar shi a kan plasmid, wato ɗan zoben gado da ke zaune daban da kundin. Plasmid yana zubewa idan ba ka riƙa zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta (antibayotik) ba, kuma babu mai iya ɗaukar wannan tsadar a babbar tukunya.

Man kuwa, na ja, ko alayyadi, ko na waken soya, ko na kanola, duk suna yi. Giram ɗaya na mai yana ba da roba tsakanin giram 0.6 zuwa 0.8, sukari kuwa bai cika wuce 0.4 ba. Ni dai na fi son man suya da aka gama amfani da shi, a tace shi da kyau, don ba na ganin dalilin yin gasa da tukunyar abincin mutane.

Ka dafa tukunyar reno da ruwan gishirin ma'adinai a digiri 121 na minti 20 don kashe duk wata baƙuwar ƙwaya. Bayan ya huce, ka zuba irin bakteriyar da ka raina daga daren jiya, ka riƙe zafi a digiri 30, tsami kuma a pH 6.8 zuwa 7. Naitirojin daga yuriya ko gishirin amoniya, gwargwadon abin da zai ƙare bayan bakteriyar ta yi yawa.

A nan ne aikin yake da daɗin kallo. Da farko man yana yawo a sama, ƙwallo-ƙwallo, ba ya haɗuwa da ruwa. Bakteriyar tana fitar da lipase, sinadarin da ke farfasa man, kuma abin da ya farfashe shi ne ke taimaka wa saura ya gauraya. Bayan wasu sa'o'i za ka ga ruwan ya koma fari fat kamar an zuba madara. Idan kana son gaggauta wannan, ɗan ƙaro yana taimakawa; masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun yi amfani da shi saboda bakteriyar ba ta cin sa. Kada ka juye man gaba ɗaya. Ɗigo-ɗigo da famfo, domin idan ya yi yawa kumfa za ta taso ta toshe matatar iska, oksijin ya faɗi, bakteriyar ta shaƙe. Idonka ya kasance a kan ma'aunin oksijin fiye da kowane ma'auni.

Da naitirojin ya ƙare, ci gaba da ba da mai. Ɗebi ɗigo ɗaya, sa masa rinin Nile red, ka duba a madubin ƙara girma mai haske: za ka ga ƙwayoyin bakteriyar sun kumbura, cikinsu cike da dunƙule-dunƙule masu sheƙi. Kwana biyu zuwa uku yawanci sun isa. Ainihin adadin robar da yawan tubali mai carbon shida, na'urar tantance sinadarai da ake kira GC ce za ta faɗa maka.

Fitar da robar shi ne inda kuɗi ke tafiya. Ka tara ƙwayoyin da injin wujijjiga, ka wanke ragowar man, ka busar. A ɗakin gwaji ana narkar da robar a kulorofom, a tace, a zuba cikin methanol mai sanyi, sai ta fito fara kamar auduga. Kulorofom guba ne, ba a taɓa shi sai ƙarƙashin murfin zuƙe iska. A masana'anta an fi fasa ƙwayoyin cikin ruwa da sabulun SDS ko soda ko matsi mai ƙarfi. Bilic yana yi, amma yana gutsure sarƙar robar ta rasa ƙarfi. A Jami'ar Sains ta Malesiya har tsutsar gari aka ciyar da busassun ƙwayoyin, ta narke jikinsu ta kasayar da robar.

Duk ruwan da ya taɓa bakteriyar da aka gyara, a dafa shi kafin a zubar, kuma a nemi izinin hukumar da ke kula da irin wannan aiki tun kafin a fara. A wannan ba na sassauci.

Hanyar ta wuce gwaji. Kamfanin Kaneka yana yin PHBH daga man tsirrai a Takasago ta Japan, da sunan Green Planet. Danimer Scientific ta Amurka ta yi tata da man kanola, amma a 2025 ta shiga kotun fatara. Don haka tun tukunyarka ta farko ka riƙa rubuta man da ya shiga, robar da ta fito, da abin da tacewa ta ci.