Yadda zaka sa digirin kimiyyar siyasa daga ƙaramar jami'a ya dawo maka da kuɗinka

Duk shekara in admishin ya fito sai kaga yaro ya nemi karatun lauya ko aikin jarida an tura shi kimiyyar siyasa, kuma ba a ABU ko BUK ba, a irin sababbin jami'o'in nan namu, Kashere ko Dutsin-Ma ko Dutse waɗanda aka kafa a 2011, ko wata ta jiha, sai gida ya rabu biyu, wasu suce ya tafi kawai degree dai degree ne wasu suce asarar kuɗi ne gara ya kama kasuwa. To ƙanina, kafin ka yanke hukunci zauna ka yi lissafi, don amsar tana cikin lissafin.

Fara da tabbatar da cewa makarantar da kwas ɗin duka hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta amince da su, kuma admishin ɗinka ya bi ta JAMB. Wannan ba abin wasa bane, in babu shi ba zaka je bautar ƙasa ba, kwalin kuma sai dai a rataye a falo. Ka tuna a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin da ake ɗaukowa daga Benin da Togo bayan an bankaɗo yadda ake sayen kwali a Kwatano, mutane da yawa kuɗinsu ya bi ruwa. Haka kuma in fat-tayim zaka yi ka sani takardar cirewa za a baka, ba sabis, wanda kuma ya wuce shekara 30 kafin ya kammala shima takardar yafewa zai karɓa ba alawus.

Sai kuɗin da zai fita. Ka rubuta na rajista, na ɗaki, abinci, mota, handawut, data, da firojek ɗin shekarar ƙarshe wanda ke cin kuɗi fiye da yadda ake zato, ka ninka na shekara-shekara sau huɗu, sannan ka ƙara wani abu saboda yajin aiki, ai ka ga na ASUU a 2022 wata takwas ya ɗauka, kuma mai gidan haya baya yafe maka don lakcarori basa shiga aji. Akwai kuɗin da mutane ke mantawa, wato abinda da zaka samu a shekaru huɗun nan in da shago kake ko sana'a. Shima sa shi a lissafi. In jami'ar ta gwamnati ce akwai bashin karatu na gwamnatin tarayya, NELFUND, da aka fara a 2024, babu ruwa a kai, ana fara biya shekara biyu bayan gama bautar ƙasa ta hanyar cire kashi 10 na albashi, wannan ya sauƙaƙa abin sosai. Amma in ƙaramar jami'a mai zaman kanta ce, irin wadda sai an sayar da fili ko gona kafin a biya, ni gaskiya ban ga hikimar hakan ba a kan kimiyyar siyasa. Kwali ɗaya zaka fito da shi da ɗan jami'ar jiha wanda ya biya kaɗan.

Kuma wannan maganar ta kwali ɗaya ita ce babbar sa'ar ɗan ƙaramar makaranta. A aikin gwamnati mai digirin farko a mataki na 8 yake farawa, ko daga jami'ar Ibadan ya fito ko daga ta jihar Bauchi da ke Gadau, ba wanda zai ƙara maka sisi don sunan makarantarka. Alawus ɗin bautar ƙasa ma haka, naira 77,000 ne a wata tun 2025, wata goma sha biyu ya kama 924,000, kowa daidai. Kwastam, Imigireshin, Sibil Difens, shiga soja ta ɓangaren masu digiri, duk kwalin zai baka damar cike fom. Matsalar kawai ita ce masu riƙe da irin wannan kwalin sun yi yawa, kujerun kaɗan ne, kuma kowa ya san yadda ɗaukar aiki yake a ƙasar nan. Kwalin kamar tikitin shiga tasha ne, zai shigar da kai amma ba shi zai baka kujera a mota ba.

To me zai baka kujerar? Abubuwan da zaka haɗa masa tun kana aji biyu, ba sai ka gama ba.

Sakamako tukuna, ka yi ƙoƙari ka fita da 2:1, wato matakin sakamako na biyu mafi girma a digiri. Guraben tallafin karatu na waje da na koyarwa a jami'a yawanci daga nan suke farawa, kuma a ƙaramar makaranta ka fi samun dama lakcara ya san sunanka da fuskarka, wannan ranar da kake neman wanda zai rubuta maka takardar shaida zaka san darajarsa. Farfesa Attahiru Jega kansa kimiyyar siyasa ya karanta a Kano, amma bai tsaya nan ba, ya je jami'ar Northwestern a Amurka ya yi digiri na biyu da na uku, ya dawo ya riƙe BUK sannan INEC daga 2010 zuwa 2015. Ba ina cewa kowa zai zama Jega bane, ina nuna maka ne wannan fannin yana son ƙari a sama.

Sai kwas ɗin nan da kowa ke gudu, hanyoyin bincike da lissafin ƙididdiga. Wallahi duk cikin abinda ake koya muku shi ne wanda ya fi saurin zama kuɗi, amma ɗalibai sai su haddace su tsallake. Ka koyi Excel da kyau, ka koyi manhajar ƙididdiga ta SPSS, ka koyi tattara bayanai a waya da KoboToolbox, ka iya rubuta rahoto mai shafi biyu da Turanci mai tsafta wanda mutum zai karanta ya gane ba tare da ya kira ka ba. Ƙungiyoyi irin su CITAD a Kano, CDD, CISLAC da Yiaga Africa a Abuja aikinsu kenan, bincike kan zaɓe da kasafin kuɗi da mulki, kuma mai jin Hausa da Turanci wanda zai iya shiga ƙauye ya yi hira da mutane ya dawo ya rubuta yana da abinda ɗan babbar makaranta daga Legas bashi da shi. Firojek ɗinka ma kar ka saya, ɗauki ƙaramar hukumarku, cikin 774 ɗin nan da muke da su, ka bi yadda ake kashe kuɗinta ko yadda aka yi zaɓen da ya wuce, shi zaka nuna a intabiyu. Sai dai ka sani harkar ƙungiyoyi ba ta da tabbas, da Amurka ta rufe hukumarta ta bada tallafi, USAID, a 2025 ayyuka da yawa sun tsaya, musamman a arewa maso gabas, don haka kar ka ɗora rayuwarka gaba ɗaya a kai.

Lokacin sabis in ya faɗo shekarar zaɓe ka yi aikin wucin gadi na INEC, 'yan bautar ƙasa ake sawa a rumfuna. Kuɗin ba yawa amma ka ga abin da idonka kuma ya shiga CV.

Koyarwa kuma kar ka raina ta, ita ta fi ɗaukar mutane. Ka yi PGDE, wato diflomar koyarwa ta masu digiri, ko a cibiyar horar da malamai ta NTI Kaduna ko wata jami'a, ka yi rajista da hukumar rajistar malamai, TRCN, sai ka koyar da Gwamnati ko ilimin zama ɗan ƙasa a sakandare kana neman na gaba. Albashin makarantun kuɗi kam sai haƙuri.

Maganar bin 'yan siyasa, wadda nasan ita ce a ran da yawanku. Sanatoci 109 ne, 'yan majalisar wakilai 360, ga na jihohi, kowanne yana da mataimaka. Amma akwai bambanci tsakanin mai riƙe wa oga waya yana zagin mutane a Facebook da wanda zai iya rubuta masa ƙudiri ko jawabi. Na farkon da an faɗi zaɓe ya koma gida, na biyun ko oga ya faɗi wani zai neme shi. In wannan layin kake so ka duba kwasakwasan NILDS, cibiyar horaswa ta majalisar tarayya a Abuja, kan aikin majalisa.

Wanda kuma har yanzu lauya ke ransa, ana iya shiga da digirin ta Direct Entry a fara daga aji biyu, amma shekara huɗu ce kuma ga makarantar lauyoyi a gaba, ga kuɗinta, ga shekarunka suna tafiya alhali bankuna da kamfanoni da yawa suna sa iyakar shekaru wajen ɗaukar sababbin ma'aikata. In akwai mai ɗaukar nauyinka to bismillah, in kuwa ƙannenka ne ke jiran ka fara kawo wani abu gida, fara kama aiki tukuna, ko da koyarwar ce, ka tara kuɗin sannan ka sayi fom ɗin.