Idan ta tambaye ki, "Anti, ke ma haka kike ji?"

Wata baiwar Allah ta taɓa zama a gabana, shekararta huɗu da aure, kullum saduwa azaba ce a wurinta. Ta yi kusan rabin awa tana murza bakin mayafinta. Da ta ɗago kai sai ta ce, "Anti, ke ma kin taɓa jin wannan zafin?" Lokacin ban daɗe da fara aikin ba da shawara kan matsalolin aure da saduwa ba. Tausayi ya kama ni, na kwashe labarin farkon aurena na ba ta. Ta saurara, har tana ba ni haƙuri. Lokacinmu ya ƙare ba mu taɓo tata matsalar ba, kuma ba ta sake dawowa ba. Har yau abin yana damuna, shi ya sa yanzu da nake duba aikin ƙannena masu tasowa a wannan sana'a, da wannan nake fara musu.

Masana sun daɗe suna ja-in-ja a kan ko ya dace mai ba da shawara ya faɗa wa wanda ya zo wurinsa labarin kansa. A 1912 Sigmund Freud ya ce likita ya zama kamar madubi, kada ya nuna komai sai abin da aka nuna masa. Sidney Jourard kuwa, a 1964, ya tsaya a kan cewa mutum ba ya sakin jiki da wanda ya rufe kansa ruf. Ni na fi gamsuwa da shawarar Sarah Knox da Clara Hill ta 2003: a faɗa jefi-jefi, a taƙaice, sannan a mayar da magana kan mai ita.

Ƙanwata, ki fara da rarrabe tambayoyin da mai neman shawara ke yi miki. Me kika karanta, shekara nawa kina wannan aiki, wa zai ga abin da kike rubutawa: waɗannan haƙƙinta ne, ki amsa kai tsaye. "Kina da aure?" ma ina amsawa da kalma ɗaya, domin a wurinmu noƙewa a nan takan sa mace ta kama bakinta. Amma abin da ke tsakaninki da maigidanki a shimfiɗa, wannan ba ya shiga ɗakin shawara, komai tausayin da kike ji.

Wadda ta yi miki irin wannan tambaya, yawanci so take ta ji ko ita kaɗai ce, ko kuma za ki gane ta ba tare da kin raina ta ba. Wannan za ki amsa. Nakan ce, "Mata da yawa sun zauna a kujerar nan da irin wannan kuka, kuma akwai abin yi. Gaya min, zafin daga farko yake ko sai an yi nisa?" Kin cire mata kunya, kin kuma samu bayanin da zai nuna ko sai likitan mata ya duba ta. Jack Annon, a tsarinsa na ba da shawara kan matsalolin saduwa na 1976, matakin farko da ya sa shi ne ba mutum izinin yin maganar, kuma izinin nan ba ya buƙatar sirrinki.

Idan mata da miji ne a gabanki, ki ƙara taka tsantsan. Da kin ce "ni ma haka nawa yake yi", mijin ya ga kun haɗe masa kai. Idan kuma namiji ne ya dinga sako tambaya kan jikinki ko sha'awarki, ki ce cikin natsuwa, "Malam, ba ma maganata a nan, mu koma kan abin da ya kawo ka." Ki rubuta hakan, ki kai wa mai duba aikinki.

A gaban mai duba aiki kuwa abin juyawa yake, nan ne ake so ki buɗe cikinki. Binciken Nicholas Ladany da abokan aikinsa na 1996 ya gano kashi 97 cikin 100 na masu koyon aikin suna ɓoye wa masu duba su wani abu. Wani binciken na Kenneth Pope da abokansa a Amurka, a 1986, ya nuna kashi 87 cikin 100 na masu wannan aiki sun taɓa jin wani mai neman shawara a wurinsu ya burge su ta fuskar sha'awa. Jin abin a zuci yana faruwa. Aikata shi cin amana ne da ƙa'idar aiki ta haramta, kuma ɓoyewa ce ke share masa hanya. Don haka da kin sallami mutum, ki rubuta duk abin da kika faɗa game da kanki, da kalmomin da kika yi amfani da su, da yadda fuskarsa ta canza.

Mu masu dubawa ma da namu nauyin. Ba na tambayar yarinyar da nake duba aikinta yadda take da mijinta, kuma ba na ba ta labarin nawa, domin ni ke sa hannu a takardarta, ba za ta iya ce min a'a ba. Kurakuraina na aiki nake faɗa mata. A zamanmu na farko nakan ba ta labarin matar nan mai murza mayafi, sannan in ce, "To ƙanwata, a makon nan me kika faɗa da kike jin nauyin maimaita min?" Sai in yi shiru, in ba ta lokaci.