Yadda zaka shiga baje kolin bindigogi a Amurka ka fito lafiya

Wanda bai taɓa gani ba zai ce ƙarya ne, amma a Amurka kasuwar bindiga ake ci Asabar da Lahadi, tebur bayan tebur cikin ƙaton zaure. Ta Wanenmacher's da ake yi a Tulsa, jihar Oklahoma, tebur ya haura 4,000, sau biyu a shekara.

Toh tun kana gida ka fara duba takardunka. In ɗan ƙasa ne kai ko kana da girin kad, wato takardar izinin zama na dindindin, da sauƙi. In bizar karatu ko ta ziyara gareka, dokar tarayya ta hana ka riƙe bindiga, kai har harsashi ma, sai in kana da lasisin farauta ko makamancinsa, ni dai shawarata kaje kallo kawai hannu a aljihu.

Ka tafi da lasisin tuƙi mai adireshinka na yanzu, da tsabar kuɗi, don wasu in ka miƙa kati sai sun ɗora maka wani abu a kai. A ƙofa zaka biya kuɗin shiga, in kuma ka zo da taka bindigar sai an duba babu harsashi a ciki sannan a ɗaure ta da 'yar igiyar roba.

A ciki kar ka taɓa komai sai ka nemi izini. In an miƙo maka, yatsanka nesa da kunama, bakin bindigar ƙasa, ko wasa kar ka juya shi wajen mutum, nan take zaka ga fuskar mai tebur ta canza. Kuma kar ka saya a teburin farko, zagaya tukuna, ana tayi sosai kamar a Kurmi, musamman Lahadi da yamma lokacin da kowa ke ƙyuyar kwashe kaya. Har wuƙaƙe da kilishinsu zaka gani, kilishin dai bai kai namu ba.

In ciniki ya faɗa da dillali mai lasisi, zai baka fom mai lamba 4473 ka cike, ya tura sunanka FBI su bincika, tsarin da aka fara tun 1998. Ko su ce a baka, ko a dakata, ko a hana. Fistol sai ka kai shekara 21, doguwa 18. Wasu jihohi na da nasu ƙarin, a Kalifoniya sai ka jira kwana 10 kafin ka karɓa.

A fom ɗin akwai inda ake tambaya ko kai ne ainihin mai saye. In wani ya baka kuɗi ka sayo masa da sunanka, ko da aminin ka ne, laifin ɗauri ne. Haka ma mai tunanin cusa ta a akwati ko cikin motar da zai turo gida, can ma kamu ne, a Najeriya ma kamu ne.