Yadda za ka zaɓi tsakanin in, on da at wajen ba da labarin hutu da Turanci

Masu shirin WAEC da NECO sun san tambayar nan ta rubuta wa aboki wasiƙa a kan yadda aka yi hutu. Labari yakan yi daɗi, amma takarda ta sha jan biro saboda in, on da at. Mu "a" guda ta ishe mu: a Kano, a watan Disamba, a ranar Juma'a. Bature kuwa ya kasa ta uku.

Fara da haddace "on holiday" ɗungurungum, kada ka tsaya neman dalili: "I am on holiday", "we went on holiday". A Amurka "on vacation" suke cewa. "In holiday" kuskure ne, ka soke shi duk inda ka gan shi.

Mataki na biyu shi ke kayar da yara. Kafin ka sa biro, tambayi kanka: rana guda nake nufi, ko kwanakin bikin baki ɗaya? In rana guda ce, on ake sawa: "on Christmas Day", "on 1 October". In kuwa lokacin bikin ne da duk abin da ke kewaye da shi, sai at: "at Christmas", "at Easter". Ɗauki Sallah a Kano. Ran idi ake hawan Sallah, kashegari hawan Daushe, sannan na Nasarawa. Wanda ya rubuta "on Sallah day" ran idi kawai ya ambata. Wanda ya je ya ga duka hawan, "at Sallah" ko "during Sallah" zai ce. Gajeriyar hanya ita ce, da ka ga day ko eve (jajibere) a ƙarshen suna, danna on ka wuce.

Ƙarshen mako ne ke da rigima. Ingila "at the weekend", Amurka "on the weekend". Ni dai na Ingila nake sa ɗalibai su bi, tunda shi littattafan makarantunmu suka fi ɗauka. Ba kuma sai ka sayi littafin nahawu mai tsada ba, ƙamus ɗin Oxford na masu koyo kyauta ne a intanet, da misalai a ƙarƙashin kowace kalma.

Wata da shekara na in ne: "in August", "in 2024". Dogon hutun makaranta "during the holidays". In tsawon zaman za ka faɗa, for: "for two weeks", ba during ba.

Sai wuri. "Go to Abuja", amma "arrive in Abuja" da "arrive at the airport". Home ba ta son to, "go home" kawai. Kafin next, last da this kuma ba a sa komai: "we travelled last Sallah".