Yadda Baƙo Zai Samu Fura da Kunun Aya Masu Kyau a Legas

Idan ka sauka Legas kana marmarin abin sha na gida, wanda aka haɗa da hannu, ga yadda nake yi.

1. Ka nufi inda 'yan Arewa suka yi yawa: Agege, Idi-Araba, Obalende ko kasuwar Mile 12.

2. Ka tambayi mai shayi ko mai tsire na unguwar. Su suka san gidan da ake dama fura mai kyau, da matar da ke haɗa zoɓo tana ba yara su kai kasuwa. A bakin masallaci bayan La'asar ma ba ka rasa wanda zai yi maka kwatance.

3. A kan kunun aya nake so ka fi natsuwa, domin ba ya jure zafi. Ga zafin Legas, ga ɗauke wuta, cikin 'yan sa'o'i sai ya yi tsami. Ka ce, "Hajiya, na yau ne?" Idan gorar ta kumbura, ko ta yi huci da ka buɗe murfin, ka haƙura da shi komai ƙishirwarka. Ka tambayi irin ruwan da aka haɗa shi da shi, da na ƙanƙarar ma. Mai sana'ar kirki ba ta jin haushin wannan tambaya.

4. Fura kuwa, a dama a gabanka. Ka ɗanɗana nonon kafin a zuba sukari.

5. Ranar farko gora ɗaya ta isa. In ya yi maka, ka karɓi lambarta, ka riƙa kira kafin ka shiga cunkoson hanya don a ajiye maka a sanyi.