Yadda ake haɗa wa gidajen talabijin bidiyon rigakafin shan inna ta intanet

Editan labarai a NTA Kano, ARTV ko Télé Sahel ta Nijar ba shi da motar da zai tura kowace ƙaramar hukuma ranar da aka fara ɗiga wa yara magani. In ya samu hoto mai kyau a shirye zai saka. In bai samu ba, sai a karanta sanarwar a kan tsohon hoton da babu wanda ya san shekarar da aka ɗauke shi. Aikin jami'in wayar da kai shi ne ya kai masa kayan da zai yanka da kansa, kuma ya kai da wuri.

Mataki na farko: ku raba kayan gida uku. Akwai ɗanyen hoto na minti uku zuwa biyar, babu kiɗa, babu tambari, babu rubutu, sai sautin wurin kawai. Akwai muryoyin mutane, kowace daƙiƙa 15 zuwa 20. Sai sanarwa gamammiya ta daƙiƙa 30 da ta 60. Na farko da na biyu ɗakin labarai ake kai wa, na ukun kuma sashen talla ko na shirye-shirye. Fim na minti goma cike da jawabin manya da tambarin masu tallafi, da wuya edita ya taɓa shi, domin kiɗan da aka shimfiɗa a ƙarƙashi ba ya ciruwa.

Na biyu, ɗaukar hoton, kuma nan ne aka fi yin ɓarna. Kafin a fita, a saita kyamara ko waya a kan 1920 x 1080, hoto 25 a daƙiƙa, a kwance. Tashoshin Najeriya da Nijar a kan tsarin 25 suke, wayoyi kuwa da 30 suke zuwa. In ba a canza ba, hoton zai riƙa tsalle bayan an juya shi, kuma a ɗakin shan magani mai fitilar lantarki za a ga haske yana ɓalɓal. Kowane hoto a riƙe shi daƙiƙa 8 zuwa 10 ba tare da motsa hannu ba: ayarin ma'aikata suna shiga lungu da akwatin sanyi, ɗigo biyu suna sauka a bakin yaro, tawadar da ake shafawa a ƙaramin yatsan hagu, alli a jikin ƙofar gida, mai unguwa yana gaba yana sallama.

A tafi da mace mai ɗaukar hoto. Yawancin aikin a tsakar gida ake yin sa, inda namiji baƙo ba ya shiga, kuma hoton uwa ta ɗauko ɗanta da kanta ya fi na taron ƙaddamarwa amfani nesa ba kusa ba. Izinin mai gida da na uwar yaro dole ne, a rubuce ko a naɗe, kuma a faɗa musu gaskiya cewa talabijin da Facebook za a saka.

Kafin a fara tacewa, a zaunar da jami'in rigakafi ya kalli komai. Shi ne zai hango bakin kwalbar maganin ya taɓa leɓen yaro, ko akwatin sanyi a buɗe cikin rana, ko ɗan murabba'in da ke jikin kwalbar ya yi duhu kamar da'irar da ke kewaye da shi, alamar zafi ya lalata maganin. Duk hoton da ya nuna irin wannan a zubar. Haka hoton yaron da aka danne yana tsala ihu, da hoton allura alhali ɗigon baki ake yi a wannan zagayen. Arewa ba ta manta da 2003 ba, lokacin da jita-jita ta sa aka dakatar da rigakafin a Kano har zuwa 2004. Hoto guda mara kyau ya isa mai yaɗa ƙarya ya yi wata yana yawo da shi a WhatsApp.

Na uku, muryoyi. A nemi likita, malamin addini, mai sarauta, da wanda cutar ta nakasa in ya yarda. A yi amfani da makirufon maƙalawa a kwalar riga, nesa da janareta. A yi wa likitan tambayar da iyaye ke yi a ƙofar gida: tun da an ce an kawar da shan inna daga Afirka a watan Agustan 2020, me ake ta ɗigawa? Ya bayyana cewa ƙwayar cutar ta asali ce aka kawar, wadda aka yi wa ganin ƙarshe a Borno a 2016, amma akwai rikiɗaɗɗiyar nau'i da ke yaɗuwa inda yara da yawa ba su samu rigakafi ba, kuma ita ma tana shanye ƙafa. Shi ya sa ake son kowane yaro ɗan ƙasa da shekara biyar ya karɓa a kowane zagaye. A naɗi amsar da Hausa, a ƙara Fulfulde ko Kanuri gwargwadon yanki.

Na huɗu, fitar da fayil. MP4 mai tsarin matse bidiyo na H.264, megabit 15 zuwa 20 a daƙiƙa, sauti 48 kHz. A wannan ma'auni sanarwar daƙiƙa 30 ba ta wuce megabait 75, ɗanyen hoton minti biyar kuma wajen 750. Hoton waya a fara juya shi zuwa tsayayyen 25 kafin tacewa, in ba haka ba baki da murya za su rabu a tsakiyar hira. Rubutu a manyan baƙaƙe, nesa da gefen allo, saboda wasu akwatunan talabijin suna cin gefe. Kada a manna ranakun zagaye a cikin hoton. Ranaku suna canzawa, kuma jiha da jiha kan bambanta. A ware daƙiƙa biyar na ƙarshe a matsayin kati daban da za a iya sauyawa. A fitar da sautin shi kaɗai don gidajen rediyo, da kwafi na tsaye don shafukan sada zumunta na tashoshin.

Na biyar, aikawa. A zuba komai a jaka ɗaya a Google Drive, a buɗe ta ga duk mai adireshinta (link), sannan a gwada saukewa daga wata wayar. In ta WeTransfer ne, wato shafin tura manyan fayiloli, adireshinsa na kyauta yana mutuwa bayan 'yan kwanaki. In ta WhatsApp ne, a tura a matsayin takarda (Document), don in an tura a matsayin bidiyo zai matse shi ya dusashe. A haɗa da shafi guda: me ke cikin kowane fayil, gari, rana, cikakken suna da muƙamin mai magana, da layi ɗaya da ke cewa an yarda a watsa kyauta.

Sanarwa ta isa tasha mako guda kafin zagaye, ɗanyen hoton ranar farko kuma kafin azahar, don ya shiga labaran dare. Bayan an tura a buga waya a tabbatar fayil ya buɗe a kwamfutarsu. Inda intanet ke wahala, a sa wani ya kai filashi da hannu.